Zaren da Na Ɗaura wa Kifin Katakonka

Zuwa ga yayana Haruna, a duk inda wannan ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kuke tare a can wajen haƙar zinare. Inna tana lafiya. Matarka Zulai tana lafiya. Mutanen gida da na unguwa duk lafiya, sai tambayar ka da ake ta yi.

Ka san bokona bai yi nisa ba, kuma ban taɓa rubuta abu mai tsawo a shafin nan ba, iyakata in sa hoton riga idan na gama ɗinki. Amma wayarka ta daina shiga tun sanyi bai wuce ba, ga shi har zafi ya kankama. An ce mini akwai 'yan Zariya da ke fitowa daga dajin nan lokaci-lokaci su shiga gari su sami sabis. To, duk wanda ya ga wannan kuma ya san Haruna na Ƙofar Gayan, dogo, mai tabon ƙugiya a babban yatsan hagu, don Allah ya karanta masa. Sauran masu karatu ku yi haƙuri, maganar gida ce.

Bari in fara da albishir. Zulai ta sauka lafiya, an sami mace. Kawu ne ya yi mata huɗuba, jiya aka yi suna, ta ci sunan Inna, muna kiran ta Ummi. Goshinka ta ɗauko. Hancin dai har yanzu ana gardama a kansa.

Akwai kuma wata magana wadda ba albishir ba ce, ita ce ta zaunar da ni rubutu. Maganar Ɗan Rimi ce. Ka bar ni in ɗauko ta daga farko, don ina so ka ga yadda na yi ta juya abin a raina kafin in yi abin da na yi.

Na san ba ka manta da shi ba, amma saboda mai karanta maka: Ɗan Rimi ɗan kifin katako ne da ka sassaƙa da reshen rimi, bai fi tsawon yatsa ba. Ka yanko masa leɓe daga murfin tsohuwar tukunya, ka shafa masa farin fenti, ka yi masa jan wuya da jan farcen Zulai, ka rataya masa ƙugiya mai baki uku a ciki da wata a wutsiya. In an jefa shi ruwa ana naɗo zare, leɓen nan ne ke sa shi ya nutse yana kaɗa jiki kamar ƙaramin kifi mai ciwo, sai babba ya zo ya kai masa cafka. Ka yi su da yawa, ruwa ya cinye saura. Shi kaɗai ka bari a ƙusar bakin ƙofar ɗakin Inna ranar da za ka tafi, da kaka.

Ka san kuma abin da ka saba wa gidan nan. Duk matar da ta haihu, tun daga kan Anti har matar Kawu, kafin ranar suna sai ka je dam ka kamo giwan ruwa an yi wa mai jego farfesu. Ba wanda ya ɗora maka, kai ka ɗora wa kanka, har ya zama kamar dole. Yanzu ga taka matar ta haihu, haihuwar fari, kai kuma ba ka nan.

Da na shiga yi mata barka, sai ta ce, "Ƙaramin miji, ina kifina? Ko sai babban ya dawo?" Matan da ke ɗakin suka yi dariya, ita ma ta yi. Amma na ga ta sunkuyar da kai tana gyara zanen jaririya, alhali zanen a gyare yake. Na ce zan sayo mata a kasuwa. Ta ce tarwaɗar gidan gona ƙarnin abincin kaji take yi, in bar shi kawai, wasa take. Yaya, ba wasa take ba.

Matsalar ita ce Inna. Kai ɗan fari ne, ba ta kama sunanka, ba ta tambayar labarinka a gaban mutane. In waya ta yi ƙara a gidan nan ba ta cewa wane ne, sai dai ta tsayar da abin da take yi har a gama magana. Amma na daɗe da lura, kullum in ta fito alwala sai ta kai hannu ta taɓa Ɗan Rimi a ƙusarsa, kamar mai duba ko yana nan. In ya yi ƙura ta goge shi da bakin mayafi. Ba ta taɓa cewa komai a kansa ba, ni ma ban taɓa nuna na gani ba.

Da na ce zan ɗauke shi, sai ta kalli ƙusar. Sannan ta ce, "Ba a raba kayan matafiyi." Na gane abin da take tsoro, kayan mamaci ake rabawa. Na ce ba rabo ba ne, aro ne, kuma saboda Zulai. Ta ce, "To ka dawo mini da shi yadda ka ɗauka."

Tun daga wannan magana ban ƙara samun natsuwa ba.

Na ɗauko sandarka mai injin naɗi daga bayan ƙofa. Zaren da ka bari a kai ya mutu, zafin ɗaki ya cinye shi, ina ja da hannu yana tsinkewa kamar taliya. Dole in sayi sabo. A nan na gane cewa duk zaman da na yi a bayanka cikin kwale-kwale, ka koya mini jifa, ka koya mini naɗi, kana cewa in naɗa a hankali kamar ina jan akuya mai ciki, amma ban taɓa tambayar ka wane zare kake ɗaurawa ba. Kullum a ɗaure nake samun sa.

Na je Sabon Gari wurin tsohon nan Banufe mai sayar da kayan kamun kifi. Ya baje mini zaruruwa a kan tebur. Akwai na roba, fari kamar ruwa, daga mai kaurin tsinken tsintsiya har siriri kamar gashin wutsiyar doki. Akwai kuma wani kore, saƙaƙƙe, kamar an yi masa kitso. Ya ce akwai wani iri na uku da ke nutsewa da kansa, kifi ba ya ganin sa, amma sai an aika Legas, kuma ba ya zuwa da wuri.

Ni kuwa maɗinki ne, zare sana'ata ce, sai na ga ai nan ba mai koya mini. Na naɗa na robar a yatsu na ja. Ya miƙe. Na sake shi ya koma. Yaya, ka san a wurinmu zaren da ke miƙewa zaren banza ne. Ka yi wa babbar riga aiki da shi, a wanke ta sau ɗaya, ɗinkin ya saki ya yi kumburi, mai riga ya dawo yana faɗa. Na ajiye shi. Na ja koren nan, ko motsi bai yi ba, ga shi siriri, ga ƙarfi har ya shata mini yatsa. Na ce shi nake so. Tsohon ya dube ni ya ce, "Samari, wannan zaren ba shi da haƙuri fa." Na ɗauka maganar 'yan kasuwa ce.

Washegari da sassafe na hau mashin zuwa dam. Ruwa ya ja baya ƙwarai, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da can duk sun fito da kawunansu, waɗansu kuma suna ƙasa kaɗan, sai inuwarsu kake gani. Na sami Malam Ɗanjuma, masuncin nan abokinka, yana kwance jirginsa. Bai gane ni ba sai da ya ga Ɗan Rimi yana lilo a bakin sanda. Ya ce, "A'a, ƙanen mai kifin katako ne. Ina mutumin?" Na ce shiru har yanzu. Ya ce Allah ya sa a ji alheri, in shigo.

Gaskiya koren zaren yana da daɗin aiki. Duk kaɗawar da Ɗan Rimi ya yi a ƙarƙashin ruwa ina jin ta a tafin hannuna, in ya taɓa ciyawa na sani, in ya taɓa dutse na sani. Rana ba ta yi sama sosai ba sai na ji an fizge shi. Na ɗaga sanda da ƙarfi. Na ji nauyi, na ji kifi ya girgiza kai, sai kuma wayam. Da na naɗo, ga ɗan farin nama a bakin ƙugiya. Malam Ɗanjuma ya duba ya ce, "Ka yage masa baki." Can an jima wani ya sake kamawa, wannan karon na yi a hankali, amma duk da haka yana girgiza kai ƙugiyar ta fita.

Na zauna ina tunani a cikin jirgin. Sai na tuna yadda kake yi in kifi ya kama. Sandarka takan lanƙwashe, zaren yana wani ɗan kuka, kifi ya ja, zaren ya bi shi, ya sassauta, zaren ya dawo, kai kuwa ko gezau. Ashe miƙewar nan da na raina ita ke riƙe kifi. Ƙugiyoyin Ɗan Rimi ƙanana ne, a fatar baki kawai suke maƙalewa. In zare ba ya bayarwa, duk girgizar da kifi ya yi a kan wannan 'yar fatar take ƙarewa. Abin da tsohon Banufe yake nufi ke nan.

Amma ga abin da ya rikita ni. Kafin mu tashi Ɗan Rimi ya maƙale a kututture. Na naɗa zaren a guntun itace na ja, sai ƙugiya ɗaya ta miƙe ya fito. Ka ga ke nan koren zare ba zai taɓa bari in rasa shi ba. Kifin ne dai ba zai kawo mini ba.

Da na shiga gida, Inna ba fuskata ta kalla ba, hannuna ta kalla. Na mayar da shi ƙusarsa. Ban ma gama juya baya ba na ji ta taso.

Na koma wurin tsohon na ce ya yi gaskiya, ya ba ni na roba. Ya ce wane kauri? A nan tsoro ya yi mini zaɓi. Na tuna kututturan nan, na tuna idon Inna, na nuna mai kaurin tsinken tsintsiya. Na ce a raina ga miƙewa ga ƙarfi, na haɗa biyu. Wannan karon tsohon naɗe mini kawai ya yi.

Wannan fita ta biyu ita ta fi ba ni haushi. Zaren ya ƙi kwanciya a kan injin, yana fita a murɗe, jifa ba ta nisa. Ɗan Rimi kuma ya ƙi nutsewa. Tun daga inda ya faɗa har bakin jirgi ina ganin farin cikinsa a ƙarƙashin ruwa kaɗan, yana tafe a kasalance, kaɗawar ma da ƙyar yake yin ta, kamar wanda aka sa wa rigar da ta fi shi nauyi. Tun safe har rana ta take ko taɓa shi ba a yi ba.

Malam Ɗanjuma ya ce shi bai san kan kifin katako ba, shi mutumin koma ne, da raga yake kamu, amma ya san inda kifi yake. Ya ce zafi ya ƙaru a 'yan kwanakin nan, manya duk sun gangara tsohuwar hanyar kogi, inda ruwa ke da sanyi. Ya zura gwangwalarsa a wurin don in gani, ta shige duka ba ta taɓa ƙasa ba. Ya ce, "Abin naka yana yawo a soro, masu gida suna ɗaki."

Da muka fito gaɓa na roƙe shi ɗan siririn zaren da yake gyaran koma da shi. Na ɗaura wa Ɗan Rimi, na hau dutsen nan da kake sallah a kai, inda ruwa ke da haske, na ja shi da hannu. Nan take ya sunkuyar da kai ya yi ƙasa yana rawa, har na daina ganin sa. Na mayar da mai kaurin na ja, ya taso sama. Na yi ta maimaitawa har na tabbata. Ruwa yana tokare zare mai kauri, zaren kuma ya ɗago kan kifin. Siriri kuwa yanka ruwan yake yi ya wuce. Ni da nake fama da allura kullum ya kamata in san haka, zare mai kauri ba ya bin ƙaramar kafa sai ya ja yadin.

Na sayo siririn a hanyar komawa. Na zauna a zaure da la'asar, rigar mutane a cinyata ban yi mata ko ɗinki ɗaya ba, ga zare biyu a gabana. Yaya, da kana kusa da tambaya ɗaya ta raba gardama. In na ɗaura mai kauri, zan je in dawo da Ɗan Rimi lafiya, in ce ban yi sa'a ba, ba wanda zai zarge ni. Inna ta sami abinta. Amma ni na san wanka kawai na kai shi, kuma zan shiga in kalli Zulai in yi mata ƙaryar na yi ƙoƙari. In kuma na ɗaura siriri, zai sauka inda kifi yake, can kuma kututturan suke. Na ja siririn tsakanin hannuwana, ban sa ƙarfi sosai ba ya tsinke.

Daga cikin gida ina jin kukan jaririyar, ina jin Zulai tana lallashin ta. Tana ce mata ta yi shiru babanta yana hanya. Ban san ko ta san ina zaure ba.

Na ɗaura siririn.

Ana gobe suna na koma. Da zan ɗauke shi daga ƙusa Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce dai, "Allah ya tsare." Malam Ɗanjuma ya kai ni daidai kan tsohuwar hanyar kogin. Jifar farko ta yi nisan da ban taɓa yi ba. Ina naɗowa na ji Ɗan Rimi yana sauka, yana sauka, har ya fara bugun abubuwa a ƙasa, ƙwas, ƙwas, ya daki dutse ya kauce, ya daki itace ya kauce. Kowane bugu sai na ji shi a ƙirjina. Sau ɗaya ya maƙale. Ban ja ba. Muka zagaya da jirgi ta bayansa, na girgiza sanda a hankali ina salati, ya saki ya taso.

Ga inda na yi kuskure, kuma gara ka ji daga bakina. Da na ɗago shi na bi zaren da yatsa, sai na ji kaushi a wani wuri, kamar kamu ɗaya daga bakinsa, inda ya gogi itace. Yatsana ba ya kuskure a irin wannan. Abin da ya kamata in yanke wurin in yar, in sake ɗauri. Amma hannun maɗinki bai saba yar da zare ba. Mu in zare ya yi ɗan gashi, murza shi muke yi da yawu mu ci gaba. Haka na yi ba tare da na yi tunani ba, na murza shi na sake jefawa.

Ban yi jifa da yawa bayan nan ba aka kama. Wannan ba fizga ba ce irin ta ranar farko. Tsayawa kawai ya yi kamar na maƙale, sai kuma kututturen ya fara tafiya. Sanda ta lanƙwashe, zaren ya fara kukan nan naka. Malam Ɗanjuma ya ajiye filafili ya ce, "Kar ka ja. Bar shi ya gaji." Ban ja ba. Ya tafi na bar shi, ya tsaya na naɗo kaɗan, ya girgiza kai na ji zaren ya miƙe ya dawo, ƙugiya ba ta fita ba. A raina na ce ashe haka ne, ashe wannan ne.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sannan ya taso kusa da jirgi ya juya gefe. Yaya, na gan shi. Giwan ruwa ne, fari tas kamar sabon kwano, ya kai tsawon hannuna har kafaɗa, idonsa yana wani haske. Ga Ɗan Rimi a gicciye a bakinsa, jan wuyan nan yana waje. Malam Ɗanjuma ya durƙusa ya miƙa hannu zai kama shi ta kunne. Kifin ya ga inuwarsa, ya yi ƙasa da ƙarfi ɗaya.

Sai sandar ta miƙe. Ba wani ƙara, nauyin ne kawai ya tafi.

Na naɗo zaren na duba bakinsa. Ya yi fari ya tarwatse, daidai wurin da na murza.

Malam Ɗanjuma ya ce mu jira, katako ne, in kifin ya tofar da shi zai taso. Muka zauna muna kallon ruwa. Duk ɗan ganye ko karan da ya taso sai na miƙe. Ya bar komarsa bai ɗaga ba saboda ni, har aka yi azahar muna wurin. Daga ƙarshe ya ce, "Samari, rana za ta kashe mu." Ya zaɓo manyan karfasa daga kamun da ya yi da asuba ya zuba mini a buhu, ya ce in kai wa mai jego, in ce in ji baban yarinya na bakin ruwa. Ya ce kuma zai riƙa duba bakin duk giwan ruwan da ya shiga komarsa, zai gaya wa sauran masunta.

Ban wuce gida kai tsaye ba. Na yi la'asar a masallacin unguwa, na zauna har kowa ya watse, ladan ya fara kallona. Ina ta shirya maganar da zan faɗa, kowace na shirya sai in ji ba ta yi ba.

Gida cike yake da mata ana aikin suna, ga daka ga suya. Inna tana bakin murhu. Ta kalli hannuna na dama, buhu. Ta kalli na hagu, sanda, zare yana lilo ba komai a bakinsa. Na durƙusa na ce, "Inna, ya tafi." Ta ce, "Itace ne ya riƙe shi?" Na ce a'a, kifi ne. Ta ce, "Babba?" Na ce babba ƙwarai. Ta juya itacen wuta, ta ce a karɓi buhun a gyara kifin kafin ya lalace. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da za ta wuce ƙofar na ga hannunta ya ɗan ɗaga wajen ƙusar, sannan ta mayar da shi cikin mayafi.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An yi wa Zulai farfesun karfasa. Ta aiko a kira ni, ta ce, "An ce ka ga nawa da idonka ka bar shi ya tafi." Na ce haka ne. Ta ce in faɗa mata girmansa. Na nuna da hannu. Ta ce, "Kai ma ka koyi ƙaryar masunta irin ta yayanka." Amma ta cinye, har ta sha romon.

Jiya aka yi suna, mutane sun zo da yawa, kowa sai ya tambaye ka. Inna ta yi ta karɓar barka tana murmushi. Na sa ido a kwanonta, ba ta ci wani abin kirki ba. Duk yinin ba ta yi mini magana ba, ni kuma na kasa haɗa ido da ita. Na yi ta tunanin me take gani a wannan abu. Ka san ba ta yarda da camfi, ita ce mai hana mu. Amma zuciyar uwa ba ta tambayar malami kafin ta ji tsoro.

Yau da hantsi ina zaure na ɗauko rigar da na yi wa bashin aiki, sai ta leƙo. Ta ce, "Wannan rubutun da kuke yi a waya, yana kaiwa can?" Na ce wani lokaci yana kaiwa. Ta ce, "To ka rubuta wa yayanka. Ka ce kifi ya tafi da abinsa, sai ya zo ya sassaƙa wani." Ta juya kamar za ta koma, sai ta ƙara da cewa, "Ka ce rimin bayan ganuwa ya yar da reshe. Na sa an ɗauko."

Na duba bayan ƙofar zaure. Ga shi nan a jingine, ya fi ni tsawo. Ban san yaushe ta aika ba.

To, Yaya, na isar da saƙo. Ban san ko na yi daidai da na ɗaura siririn ba. Wani lokaci in ce da na bar mai kaurin da yanzu yana ƙusarsa, wani lokaci in tuna yadda kifin nan ya juya gefe a bakin jirgi. In ka samu waya, ko minti ɗaya ne, ka kira. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ba kuma sai ka samo wani abu ba, ba wanda yake jiran zinare a gidan nan. Inna ta ji muryarka, Zulai ta kara wa Ummi wayar a kunne. In lokaci ya rage, ka gaya mini wane zare kake ɗaurawa, don akwai wani tsaka-tsaki da na gani a teburin tsohon ban saya ba, kuma yana ta damuna.

Reshen ɗanye ne, na ɗora shi a kan duwatsu a inuwa don kar gara ta taɓa shi. Ba zan sa masa wuƙa ba.

Allah ya tsare ka a ramin da kake shiga da hanyar da kake bi. Allah ya kare ka daga sharrin mutum da na daji, ya ba ka ruwan sha mai kyau da abokan zama na gari. In lafiya kake, Allah ya ƙara maka. In wani abu ne ya same ka, Allah ya kawo maka sauƙi ya haɗa ka da mai taimako. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya raya Ummi, ya nuna mata fuskarka. Amin.

Naka ƙane,
Sa'adu
Ƙofar Gayan, Zariya